Haihuwar fari a Kano cikin watan Afrilu: in zauna ko in koma gida Jos?

Baƙuwa daga Jos ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah ina neman shawarar waɗanda suka haihu a Kano suka kuma yi goyo a cikinta, musamman waɗanda zuwa suka yi, ba a nan aka haife su ba.

Ni 'yar Jos ce, a Unguwar Rogo na tashi, a can na yi karatu, a can aka ɗaura min aure. An yi wa maigidana canjin wurin aiki zuwa Kano, muka taho da ƙaramin ciki. Yanzu ina wata na biyar, cikin fari ne, kuma hoton ciki ya nuna tsakiyar Afrilu zan sauka in Allah ya kai mu. Muna zaune a sashen wani abokinsa a Na'ibawa kafin mu kama namu. Gidaje biyu muke dubawa, ba mu biya kuɗin ko ɗaya ba tukuna. Na farko a Rijiyar Zaki yake, sabon gini ne, ga fili ga iska, har da wurin shanya. Na biyu a Gyaɗi-Gyaɗi, tsohon gida ne, ɗaki biyu da falo matsattse, kuma ya fi wancan tsada. Zuciyata tana kan na Rijiyar Zaki.

Abin da ke hana ni barci shi ne zafi. Ni ban san zafi ba. A Jos ko a watan Maris da bargo nake kwana wani lokacin. Duk wanda na faɗa wa watan haihuwata sai ya ce min "sannu", wata maƙwabciya ma cewa ta yi a Afrilu bangon ɗaki ba ya hucewa sai an kusa kiran assalatu. Yanzu da ake hunturu kuwa ƙurar garin ta hana ni sakat. Sanyin bai kai namu ba, amma hazon ya fi, hancina kullum a bushe, da safe har ɗan jini nake gani. Ruwa kuma saye muke yi wurin 'yan garuwa, ni kuma na san wankin jariri ba ya ƙarewa.

Na fara awo a wani ƙaramin asibiti kusa da mu. Ma'aikatan suna da kirki, amma ba su da ɗakin tiyata, kuma da na tambayi abin da ake yi idan haihuwa ta zo da gardama cikin dare, sai aka ce ana tura mutum gaba. Wannan "gaba" ɗin ita ce ban sani ba.

Mama ta dage in taho gida idan na shiga wata takwas, in haihu a gabanta, in yi wankan jego in gama arba'in sannan in dawo. Maigidana ya ce ya bar min zaɓi, amma na ga alama ba ya son a haifi ɗansa na fari yana wani gari. Ni kuma ba na son in saɓa wa ko ɗayansu.

To ku gaya min gaskiya, Kano gari ne da mace baƙuwa za ta iya rainon ciki ta haihu ta yi goyo hankali kwance? Wane gida za mu kama? A ina ya kamata in yanki kati? Na gode, Allah ya bar zumunci.

Hajiya ta Tarauni ta amsa:

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya raba lafiya, ya sauke ki cikin sauƙi.

Duk 'ya'yana a garin nan na haife su, jikokina ma haka, kuma biyu daga cikin nawa 'yan bazara ne. Zan fara miki da maganar gida domin ita ce ta gaggawa: ku kama na Gyaɗi-Gyaɗi. Na san kin fi son mai fili, kuma Rijiyar Zaki unguwa ce mai kyau, amma naƙuda ba ta duba agogo. Daga can, in za ki zo Asibitin Malam Aminu Kano sai kin biyo titin Gwarzo, ki wuce Kabuga, ki ratsa gari kaf kafin ki faɗo titin Zariya. Da rana cunkoso, da dare rashin abin hawa. Tun 2013 aka hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin Kano, adaidaita sahu ce ƙafar kowa, ita ma a 2022 an taɓa kafa mata dokar daina aiki daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe. Ko babu doka, ƙarfe biyun dare ba kowane lungu za ki samu mai adaidaita ba. A Gyaɗi-Gyaɗi kuwa asibitin Malam yana bayanki, asibitin yara na Isyaka Rabi'u yana nan titin Gidan Zu, in ta kama ki shiga gari asibitin Murtala da na Nuhu Bamalli da na yara na Hasiya Bayero duk ba su yi miki nisa ba. Kuɗin da kika ƙara a haya kin sayi kusanci ne da shi. Bayan shekara biyu yaro ya yi ƙwari, ku koma inda kuke so.

Zafi kuwa ba zan ɓoye miki ba, akwai shi. Daga tsakiyar Maris zuwa saukar ruwan farko ana haura digiri 40, kuma a lokacin ne wuta ta fi yin wuya. Amma mu ma a ciki muka yi jego. Kafin ku biya kuɗi ki je gidan da kanki da misalin ƙarfe uku na rana, ki shiga ɗakin da za ki kwana ki tsaya. Ki duba ko akwai silin ƙarƙashin kwano, ki duba ko tagogi biyu suna kallon juna, ki duba ko bangon gadonki shi ne rana take duka da yamma. In shi ne, ki mayar da gadon ɗaya ɗakin. Ki tambayi maƙwabta, ba mai gida ba, ko rijiyar gidan tana ƙafewa da rani. Ki sayi randa, ruwanta ya fi na firij amfani a garin da wuta ba ta zama. Da dare ki shimfiɗa a tsakar gida ki ɗaura gidan sauro, ke da jaririnki, sai iskar asuba ta taso ku koma ciki.

Sannan kada ki bari a naɗe miki yaro cikin hular ulu da safa da shawul a Afrilu don ana tsoron sanyi. Wannan tarbiyyar Jos ce, ta dace da Jos. Nan 'yar riga ta auduga da zani mara nauyi sun isa, in ba haka ba ƙurajen zafi su feso masa a wuya da hammata ya yi ta kuka ki rasa dalili.

Abin da Kano ta fi ƙarfi a kai shi ne mutane. Tsohuwar unguwa irin Gyaɗi-Gyaɗi, in kika shiga gida uku kika gaishe su tun yanzu, ranar da kika haihu ba za ki ɗora tukunya ba. Wata za ta aiko da tuwo, wata ta turo 'yarta ta yi miki wanke-wanke, wata ta zo ta karɓi yaron ki samu ki runtsa. Kayan jarirai kuma sai kin gaji da zaɓe a Sabon Gari da Kwari, ganye da kayan miya a Yankaba, lemo da kankana ga 'Yan Lemo nan kusa da inda kike zaune yanzu.

Shawarata, maimakon ki tafi wurin Mamanki, a je a ɗauko ta. Ki sa maigidanki ya je da kansa ya roƙe ta, kada a yi ta waya.

Ungozoma a Kano ta amsa:

Ƙanwata sannu da ƙoƙari. Na yarda da Hajiya a kan gida, zan ƙara miki ta ɓangaren aikinmu.

Ki yanki kati yanzu a asibitin da kike son haihuwa a cikinsa, wanda yake da ɗakin tiyata, da wurin ajiyar jini, da ɗakin jarirai mai kwalba. Cikin fari ba a san halinsa ba sai ya zo. Manyan asibitocin Kano ba na 'yan Kano kaɗai ba ne, ana kawo mata daga Jigawa, daga Katsina, har daga Nijar, saboda haka cika suke yi. Wadda take da fayil, an san jininta, an san awonta, ba ɗaya take da wadda aka sauke a bakin ƙofa ƙarfe ukun dare ba kowa ya san komai a kanta. Asibitin Malam na gwamnatin tarayya ne, ana biya. A asibitocin jiha tun 2001 aka ayyana awo da haihuwa kyauta, sai dai duk da haka ki ajiye kuɗi a gefe waɗanda ba a taɓawa, domin gwaji ko magani na iya tasowa. Ranar awo ki fita bayan sallar asuba da abin kari da ruwa a jaka, layin yana da tsawo. Asibitoci da yawa suna neman miji ko ɗan'uwa ya ba da jini a ajiye tun kafin haihuwa. Ke baƙuwa ce, 'yan'uwanki suna Jos, to maigidanki ya nemi abokan aiki biyu da za su amsa waya idan an kira.

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas kafin ta haihu. Kada ki tsallake ko ɗaya, kuma duk zuwa ki tabbata an auna hawan jininki an duba fitsari. Jijjiga ta fi kama masu cikin fari, kuma ita da zubar jini su ne suka fi ɗauke mana mata. Ciwon kai mai tsanani, ganin dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, jini ko kaɗan ne, fashewar ruwa, ko ki ji motsin yaro ya ragu: ko ɗaya kika gani, ba a jiran gari ya waye.

Sauron Kano ba na Jos ba ne. Tudun Jos da sanyinsa suna rage shi, nan kuwa kwatoci ba sa bushewa ko da rani. Ki kwana cikin gidan sauro kullum, ki kuma karɓi maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro da ake ba masu ciki wata-wata a wurin awo daga wata na huɗu. Ɗanki zai cika wata uku a Yuli, daidai lokacin da ma'aikata ke bi gida-gida da maganin kariya na damina ga yara daga wata uku zuwa ƙasa da shekara biyar. Ki buɗe musu ƙofa.

Yanzu maganar da nake so ki riƙe da kyau. A zafin Afrilu kowa zai ce miki a ba jariri ruwa, ƙishi yake ji. Kada ki ba shi. Nono ya ishe shi har wata shida, mafi yawan nonon ma ruwa ne. Ke ce za ki sha ruwa sosai ki riƙa sa shi a nono akai-akai. Ruwan jarkar 'yan garuwa ba ki san inda aka ɗebo shi ba, cokali ɗaya na iya jawo gudawar da za ta kwantar da ɗan sati biyu. Na sha ganin haka, kuma abin yana ci min rai domin da ƙauna ake ba su.

Cibiya a shafa mata maganin da za a ba ki a asibiti, kada a gasa, kada a sa man goge baki ko toka. A kwana bakwan farko ki riƙa fito da shi haske da safe ki duba farin idonsa da fatarsa. In kika ga rawaya, ciwon shawara ne, asibiti za ki kai shi a sa shi ƙarƙashin fitila, ba shanya shi a rana ba, ba jiƙo ba. Kuma kada a bari wanzami ya cire masa beli.

Rigakafi: ranar haihuwa, sai sati 6, sati 10, sati 14, sai wata 9, sai wata 15. Ina nanata wannan ne saboda gari mai cunkoso ne. Annobar mashaƙo ta 2023 a Kano ta fi tsanani a duk faɗin Najeriya, kuma yawancin yaran da ta kama ba su kammala allurarsu ba. Allurar sati shida da biyun bayanta su ne kariyar.

In kin zaɓi tafiya Jos, babu laifi, akwai asibitin koyarwa a can. Amma ki tafi kafin sati 36, ki ɗauki katinki da duk sakamakon gwaji, ki je ki nuna kanki a asibitin can a satin da kika isa.

Maman 'yan biyu ta amsa:

'Yar'uwa ni ma daga Filato aure ya kawo ni, kuma ni gida na koma na haihu. Zan faɗa miki ɗaya gefen don ki auna.

Abin da Hajiya ta faɗa game da maƙwabta gaskiya ne a tsofaffin unguwanni. Mu a sabuwar unguwa muka zauna, kowa ya ja katanga ya rufe get, maigida ya fita tun safe sai bayan isha'i. Wuni nake yi ban yi magana da kowa ba. Mai jego da kaɗaici ba sa haɗuwa, na san yadda kuka yake zuwa haka kawai ba dalili. Kuma Kano ba garin da za ki goya yaro ki fita shan iska da yamma ba ne. Yawancin tituna babu gefen masu tafiya a ƙasa, hayaƙin adaidaita a fuskarki, da damina lungu ya cika da ruwan kwata. Ta wajen Sharaɗa da Challawa kuma akwai warin masana'antun fata, duk arhar gida kada ku kama a kusa da su.

A Jos na yi arba'in ɗina cikin sanyi, ga dankali ga kabeji ga karas sabbin cirewa, ga uwata a kaina. Na dawo da ƙarfina. Wahalar da na sha ita ce hanya: ta Tudun Wada da dajin Falgore muka bi, da tsohon ciki, kuma ba hanyar da ake bi da yamma ba ce. In Mamanki za ta iya zuwa ta zauna wata biyu cur, to zauna. In sati ɗaya za ta yi ta ce ta bar gida ba kowa, ki tafi.

Wani magidanci daga Hotoro ya amsa:

Baƙuwarmu, ki ba maigidanki ya karanta wannan, da shi nake. Malam, in za ta haihu a Kano, aikin naka ne. Kafin Maris ka haɗa ƙaramar sola ko da mai ɗaukar fanka biyu da ƙwai uku ce, ta fi janareto, domin hayaƙin janareto a ƙaramin tsakar gida haɗari ne ga jariri, kuma kada a taɓa kunna shi a cikin soro a rufe. Ka sayi babban tanki, ka yi magana da mai garuwa guda ɗaya wanda ka san burtsatsen da yake ɗebowa, ku yi ciniki na wata. In ba ka da mota, ka samu maƙwabci mai mota da mai adaidaita na unguwa, ka gaya musu watan, ka karɓi lambarsu, ka nemi izinin kiransu ko ƙarfe nawa ne. Ka bi hanyar asibitin da dare sau ɗaya don ka san ƙofar da ake buɗewa da inda ɗakin haihuwa yake. In ma'aikacin gwamnatin tarayya ne kai, tun 2021 aka amince da hutun kwana 14 ga wanda matarsa ta haihu, ka nema tun da wuri.

Baƙuwa daga Jos ta sake rubutawa:

Wallahi na rasa bakin godiya. Allah ya saka muku da alheri, ya raya muku zuri'a. Mun karanta tare da maigidana jiya da dare. Yau da la'asar muka je gidan Gyaɗi-Gyaɗi, na tsaya a ɗakin kamar yadda Hajiya ta ce. Akwai silin, tagar ɗaya tana kallon gabas, kuma matar gidan da ke jikinsa ta ce rijiyarsu ba ta taɓa ƙafewa ba, har ta ba ni ruwa ta tambaye ni watan haihuwa. Zai biya ranar Litinin, ni kuma in je in yanki kati. Ƙarshen wata zai tafi Jos wurin Mama. Maman 'yan biyu, maganarki ta shige ni, sharaɗin da zan ba shi ke nan: in Mama ba za ta samu zama har arba'in ba, zan tafi.

Saura abu ɗaya, Anti ungozoma. Na san Mama, in ta zo da ganyen darbejiya da kanwarta za ta zo. Ita wankan jego da tafasasshen ruwa safe da yamma da kunun kanwa ba abin tattaunawa ba ne a wurinta. A zafin Afrilu anya zan iya? Kuma ta yaya zan faɗa mata ba tare da ta ga na raina abin da ta yi mana ba?

Ungozoma a Kano ta amsa:

Ki yi wankanki, yana sa jiki ya saki kuma yana tsaftace mai jego. Abin da za a rage shi ne zafin ruwan: a sirka shi har ki iya sa gwiwar hannu a ciki ki bar ta, kuma sau ɗaya a rana ya isa a bazara, da sassafe. Mun sha karɓar masu jego da ƙuna a cinya da baya, wasu kuma jiri ya kwashe su a banɗaki. In aiki aka yi miki ko an yi ɗinki, sai abin da likita ya ce. Kwanciya a kan gadon da aka hura wuta ƙarƙashinsa kuwa a bar shi gaba ɗaya.

Kanwa ita ce na fi jin tsoro. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego a ƙasar Hausa, suka danganta shi da yawan shan kanwa da zafin wanka da na gado. Kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki tana ɗaga hawan jini, zuciyar da ta gama ɗaukar ciki wata tara kuma a gajiye take. A dama miki kunun gero ko na gyaɗa ko na tsamiya, a ba ki nama da ƙwai da zogale da wake, nono zai zo. In bayan haihuwa kika ji numfashi yana yi miki wuya in kin kwanta, ko ƙafa ta kumbura, ko tari ya ƙi tafiya, ki dawo asibiti a ranar.

Game da Mama, kada ke ki faɗa mata. Ki taho da ita awon ƙarshe, ki raɗa wa ungozomar da ke bakin aiki tun kafin ku shiga, ita za ta zaunar da ita ta yi mata bayani da girmamawa. Iyaye sun fi karɓa daga bakinmu, kuma mun saba. Ki ce a auna nata hawan jinin ita ma tunda ta zo.